Sumba, Yawu da Jariri: Inda Haɗarin Cutar Harfis Yake



Maganar da aka ɗora mini a yau ba irin wadda muka saba yi a bainar jama'a ba ce: sumba, da kusantar juna tsakanin namiji da mace, da wata cuta da ke bin waɗannan hanyoyi, wadda likitoci ke kira harfis. Ina neman afuwar manya tun yanzu, domin akwai wuraren da ba makawa sai na kira abu da sunansa.

Da zarar an ce sumba na yaɗa cuta, hankalin yawancinmu sai ya tafi kan saurayi da budurwa, a shiga jimamin lalacewar tarbiyya. Abin da nake so in tabbatar a wannan takarda shi ne, a ƙasarmu sumbar da ta fi yaɗa harfis ba ta masoya ba ce. Ta uwa ce, da kaka, da goggo, da yaya, sumbar ƙauna tsantsa wadda babu zunubi a cikinta. Girman haɗarin kuma bai rataya a kan halin wanda ya yi sumbar ba. Ya rataya ne a kan wanda aka sumbata, da lokacin da aka sumbace shi. Babba mai ƙoshin lafiya zai kwashi cutar, ya yi 'yan ƙuraje, ya warke. Jaririn kwana goma kuwa tana iya zama ajalinsa.

Cutar da kowa ya gani

Babu wanda bai taɓa ganinta ba a cikinmu. Mutum ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, sai ga 'yan ƙuraje masu ruwa sun yi cincirindo a gefen leɓensa. Su fashe, su yi ɓawo, su bushe cikin kwana 7 zuwa 10. Sai mu ce zazzaɓi ne ya fito, har a taya mutum murna cewa ciwo ya bar jiki. Alhali ba zazzaɓin ne ya fito ba. Wata ƙwayar cuta ce daban, daga jinsin bairas, wadda ta daɗe kwance a jikinsa. Zazzaɓin ya raunana shi ne kawai, ita kuma ta sami hanya.

Iri biyu ce. A shekarun 1960 ne Karl Schneweis a Jamus, da Andre Nahmias da Walter Dowdle a Amurka, suka nuna bambancinsu. Iri na ɗaya ya fi zama a baki da fuska, yana bin yawu da haɗuwar leɓe da fata. Iri na biyu ya fi zama a al'aura da kewayenta, hanyarsa kuma saduwa ce. Amma kowanne na iya kama wurin ɗan'uwansa, zan kuma dawo kan wannan.

Ƙwayar takan shiga ta lallausar fatar cikin baki ko ta gaba, ko ta wata 'yar tsaga a fata wadda ido ba ya gani. Ta hayayyafa a wurin, sannan ta bi zaren jijiyar da ke kai saƙon ji, ta haura har zuwa wani ƙullin jijiyoyi. Ta baki takan sauka a ƙullin da ke cikin ƙoƙon kai daura da kunne, ta gaba kuma a waɗanda ke ƙasan ƙashin baya, wajen tsatso. A can take laɓewa har ƙarshen ran mutum. Garkuwar jiki ba ta iya fitar da ita, magani ma ba ya iya. Ranar da zazzaɓi ya kama mutum, ko ya sha rana, ko gajiya da damuwa suka yi masa yawa, ko mace ta zo jinin al'ada, sai ta biyo jijiyar ta sauko daidai inda ta saba fitowa. Shi ya sa mai ita yakan nuna maka wurin tun ba a ga komai ba. Zai ce leɓen na masa tsikari, ko ƙaiƙayi, ko raɗaɗi, wani lokaci kwana guda ko biyu kafin ƙurjin ya bayyana. Ina roƙon ku riƙe wannan tsikarin a ranku, domin tun daga lokacin ne mutum yake zama mai yaɗawa sosai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙiyasinta na shekarar 2020, ta ce mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da iri na ɗaya, wato kashi 64 cikin 100. Iri na biyu kuma yana jikin mutum miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 13 cikin 100. A ƙiyasin 2016, Afirka ce kan gaba a duka biyun: kashi 88 cikin 100 a iri na ɗaya, a na biyu kuma kashi 44 na mata da kashi 25 na maza. Idan aka ɗebi jinin mu da ke zauren nan, da mai magana da masu sauraro, kusan tara cikin goma za a same mu da iri na ɗaya, akasarinmu kuma mun same shi tun muna goye.

Yawancin yara sukan kamu ba tare da wata alama ba. Wasu kuwa, musamman 'yan wata shida zuwa shekara biyar, sukan sha wuya. Zazzaɓi ya yi zafi, dasashi ya kumbura ya yi ja, gyambuna su cika harshe da cikin kumatu, yawu ya yi ta dalala, yaro ya ƙi nono ya ƙi kunu. A gida sai a ce haƙori yake yi, a zuba ido. Haƙori ba ya cika baki da gyambo. Ciwon na iya kaiwa mako biyu, kuma abin tsoro a cikinsa ƙarancin ruwa ne, tun da haɗiya ta zame wa yaron azaba. A riƙa ɗura masa ruwa da cokali kaɗan-kaɗan, a kuma kai shi asibiti a kwanakin farko, lokacin da magani ya fi tasiri.

Yaɗuwa ba tare da ƙurji ba

Da a ce sai an ga ƙurji ake ɗauka, da maganar ta zo da sauƙi. Amma ƙwayar takan sauko saman fata ko cikin yawu a wasu ranaku, ta yi 'yan sa'o'i ta ɓace, mai ita bai ji komai ba. Wani bincike da aka yi a birnin Siyatil na Amurka, aka buga a 2011, ya bi mutum 498 masu iri na biyu, kowace rana ana goge fatar gabansu ana gwadawa. Waɗanda suka saba yin ƙuraje an sami ƙwayar a jikinsu kusan rana 20 cikin 100. Waɗanda ba su taɓa ganin ƙurji ba kuwa, waɗanda za su iya rantsuwa lafiyarsu ƙalau, an same ta kusan rana 10 cikin 100. Yawancin masu ɗauka ta hanyar saduwa daga irin waɗannan mutane suke ɗauka, ba daga wanda ya san yana da ita ya ɓoye ba.

A wajen jiki kuwa ƙwayar ba ta da juriya. Da ta bushe ta mutu, sabulu ma na kashe ta. Ba a ɗaukarta a masai, ko a buta, ko a tabarmar masallaci, ko ta musafaha. Abin da ya cancanci kula shi ne abin da ya fito daga leɓe mai ƙurji ya koma wani leɓen nan take: cokali, buroshi, asuwaki, man leɓe. Ku dubi mai kwalliyar amare ranar kamu. Ta zaunar da ƙawaye a jere, jan-baki ɗaya da ɗan buroshi ɗaya a hannunta, ta gama da wannan ta juya ga waccan, ko goge shi ba ta yi ba. Idan ta farko na da ƙurji a ƙarƙashin hoda, ta biyu ta samu.

Aure, zargi da ciwon sanyi

A nan ne cutar ke yin ɓarnar da ba ta jiki ba. Mace ta shekara biyar a ɗakinta, sai ta wayi gari da ƙuraje masu raɗaɗi a gaba, fitsari ya zama wahala, kaluluwa ta fito a matsematsi. In gidan mace ɗaya ne, miji ya fara kallonta da wani ido, ko ita ta fara binciken wayarsa. In gidan kishiyoyi ne, an sami mai laifi tun kafin a je asibiti: amarya ce ta kawo, ballantana in bazawara aka auro.

Ilimin likita bai goyi bayan wannan hukunci ba. Gaskiya ne ƙurajen farko kan fito kwana 2 zuwa 12 bayan kamuwa, amma ga mutane da yawa ba sa fitowa sai bayan watanni ko shekaru, ga wasu ma har abada. A Amurka, inda asibiti da gwaji suka wadata, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce kusan kashi 87 cikin 100 na masu iri na biyu ba a taɓa gaya musu suna da shi ba. Miji na iya shigowa da ita daga aurensa na fari bai sani ba. Matar na iya zuwa da ita daga gidan mijinta na baya. A al'ummar da saki da sake aure suka yawaita kamar tamu, ƙwayar na iya ratsa gidaje da dama ta hanyar aure halal zalla. Ƙurji ba ya faɗin ranar da aka kamu, ba ya kuma faɗin wanda ya kawo. Duk ma'aikacin lafiyar da ya dubi mace ya bar ta ta fita da tunanin an ci amanarta, ko ya bar mijinta da tunanin ta ci tasa, ba tare da ya yi musu wannan bayani ba, bai gama aikinsa ba.

Akwai kuma hanyar da ba a son faɗa. Idan mai ƙurjin leɓe ya kai bakinsa gaban abokin kwanciyarsa, iri na ɗaya na iya kamawa a can. A Amurka da Yammacin Turai, wannan ne ya zama kan gaba wajen haddasa sabon harfis na al'aura a tsakanin matasa. Dalilin shi ne yaransu da yawa ba sa kamuwa suna ƙanana, sai su balaga jikinsu bai san ƙwayar ba. A Afirka abin bai yi yawa ba tukuna, don mun riga mun kamu ta baki tun yarinta. Ina hasashen yaran birni da ke tashi a gidajen da babu cunkoso za su fi mu fuskantar wannan nan gaba. Sauƙin da ke ciki shi ne iri na ɗaya ba ya yawan dawowa a gaba. Na biyu ne mai naci, yakan dawo sau huɗu ko biyar a shekarar farko, sannan ya riƙa ja da baya.

Mu kuwa duk abin da ya fito a gaba suna ɗaya muke ba shi: ciwon sanyi. Mace za ta je kemis ta ce sanyi ne ke damunta, ta ɗauka a banɗakin haya ta kwaso. A haɗa mata kafso kala uku da allura, ba wanda ya duba. Kafso na kashe bakateriya ne, ba ya taɓa bairas. Ƙurajen za su bushe da kansu cikin mako biyu ko uku, a yaba wa maganin, bayan wata uku su dawo, a koma. Da wannan ɗabi'a ta cutar masu tallar magani da lasifika a tasha suke cin abinci, haka ma masu alƙawarin warkarwa har abada a Facebook da WhatsApp. Ba wanda ya taɓa nuna maganin da ke fitar da ƙwayar daga jijiya, na asibiti ko na gargajiya.

Abin da ya sa ba za a yi sakaci da iri na biyu ba shi ne alaƙarsa da ƙanjamau. Shi ne kan gaba a duniya wajen haddasa gyambon al'aura, kuma mai ɗauke da shi ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau uku wajen yiwuwar ɗaukar HIV in ya haɗu da ita. Gyambon ƙofa ne, sannan ƙwayoyin garkuwar da ke taruwa a wurin su ne ainihin waɗanda HIV ke nema. Duk wanda ya zo da gyambon gaba, a yi masa gwajin ƙanjamau da na tunjere a rana ɗaya.

Gwaji kafin aure

A 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, wadda ta ƙunshi ƙanjamau da ciwon hanta da jinin sikila. Mataki ne mai kyau. Wani na iya tambaya, me zai hana a ƙara harfis a jerin? Ra'ayina kada a ƙara. Gwajin jinin da ya fi samuwa yakan nuna akwai cuta alhali babu, kuma binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya nuna kuskurensa ya fi yawa a jininmu. Kwamitin ƙwararru na Amurka mai ba da shawara kan rigakafi ya hana yin wannan gwaji ga mutanen da ba su da alama tun 2016, ya kuma sake jaddada hanin a 2023, saboda a cikin jama'ar gari kusan rabin waɗanda aka ce suna da ita na iya zama ƙarya. Ku auna abin da takarda irin wannan za ta yi wa yarinya ana saura mako biyu bikinta. Gwajin da ake dogaro da shi shi ne a goge ruwan ƙurjin kansa tun yana ɗanye a yi masa PCR, irin wanda muka sani lokacin korona.

Tsoron da matasanmu ke kwasowa daga intanet ma yana da tarihi. A watan Agustan 1982 mujallar Time ta Amurka ta buga cutar a bangonta a matsayin tambarin abin kunya, kuma har yau tabon bai goge ba a can. Ba mu da dalilin aro shi. Mai harfis na aure, yana haihuwa, yana tsufa lafiya.

Abin da ke rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata sananne ne. A ƙaurace wa sumba da shimfiɗa tun daga tsikarin farko har fata ta warke sarai. Kwaroron roba na ragewa, ya fi kuma kare mace, sai dai ba ya rufe ko'ina. Akwai maganin da za ku ga an rubuta Acyclovir a kwalinsa, wanda ya fito daga ɗakin binciken Gertrude Elion a shekarun 1970, ita da ta sami kyautar Nobel a 1988, da ƙanensa Valacyclovir. Suna gajarta ciwo in an fara da wuri, suna rage dawowarsa in ana sha kullum. Wani gwaji da aka buga a 2004, kan ma'aurata da masoya 1,484 waɗanda ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita, ya nuna shan Valacyclovir kullum ya rage yaɗuwar da kusan rabi. Kaciya ma na taimakawa: a Rakai ta Yuganda, binciken 2009 ya nuna ta rage kamuwar maza da kimanin kashi 28 cikin 100, wanda ke nufin mazajenmu na da ɗan sauƙi, ba kariya ba. Allurar rigakafi babu ita. Babban gwajin wata allura da aka yi wa mata 8,323, aka buga sakamakonsa a 2012, ya nuna ba ta hana iri na biyu ba.

Ba ma sai an yi sumba ko saduwa ake kamuwa ba. A 1989, a wani sansanin horar da 'yan kokawa a jihar Minesota ta Amurka, 60 cikin 175 sun kamu a fuska da wuya da kafaɗa, ta gugar fata kawai. 'Yan kokawarmu, daga dandalin ƙauye har gasar takobi ta Nijar, haka suke haɗa goshi da kumatu, don haka mai ƙurji ɗanye bai kamata ya shiga fili ba. Yatsan da ya taɓa ƙurji kuma na iya kai ƙwayar ido, inda takan ci baƙin ido ta bar tabo, kuma ɗiga maganin ido mai sitiroyid ba da umarnin likita ba yana ƙara mata ƙarfi. Nadiran takan hau ƙwaƙwalwa: zazzaɓi, ruɗewa, sambatu, farfaɗiya. A gida a ce iska ce, a asibiti a ce maleriya ce ta hau kai. In ba a ba da magani ba, kusan bakwai cikin goma na mutuwa.

Mai ciki da jariri

Na bar wannan a baya ne don shi ya fi damuna. Wani ƙiyasi da aka buga a 2017 ya ce jarirai kusan 14,000 ne ke kamuwa a duniya kowace shekara, wato kimanin 10 cikin haihuwa 100,000. Adadin ba shi da yawa. Amma in ba a yi magani ba, kusan shida cikin goma na mutuwa, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma na tashi da lalurar ƙwaƙwalwa.

Kusan kashi 85 cikin 100 na waɗannan jarirai wajen fitowa suke ɗauka, daga gaban uwa. Abin da zai ba ku mamaki shi ne wace uwa ce ta fi haɗari. Wadda ta daɗe da cutar, ko da tana yin ƙuraje lokaci-lokaci, jikinta ya riga ya haɗa garkuwa, ya kuma miƙa wa ɗan ta mabiyiya, don haka yiwuwar ta ba shi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wadda ta kamu a karon farko cikin watanni ukun ƙarshe kuwa, jikinta bai sami lokacin yin garkuwa ba, yiwuwar takan kai kashi 30 zuwa 50. Ke nan rayuwar jaririn a hannun mijin take. Maigidan da ya san yana yin ƙuraje, a leɓe ko a gaba, ya kiyaye matarsa a watannin nan, ya kuma gaya wa ungozoma. Mai cikin da aka san tana da cutar akan fara ba ta Acyclovir daga mako na 36, in kuma naƙuda ta zo da ƙuraje a gaba, a yi mata aiki a ciro ɗan. Tambaya ɗaya a wajen awo za ta iya fito da wannan duka: ke ko maigida, akwai mai yin ƙuraje masu ruwa da ke tafiya su dawo?

Akwai kuma kusan kashi 10 cikin 100 da ke kamuwa bayan haihuwa, daga bakin wani ko hannunsa. Wannan kason ne ke hannunmu ɗungurungum.

Ku shiga ɗakin mai jego ranar suna. Mata sun cika shi har bakin ƙofa, turaren wuta na tashi, jariri na yawo daga cinya zuwa cinya. Wannan ta ɗaga shi ta ce ga mai sunan malam, ta manna masa baki a kumatu. Waccan ta kama ɗan yatsansa ta sumbata, shi kuma ya mayar da yatsan bakinsa. Kaka ta yi addu'a ta tofa masa a fuska. In majina ta toshe masa hanci, wata ta sa baki ta zuƙe. Wataƙila kwana biyu kafin nan wanzami ya cire masa hakin wuya, akwai ɗanyen rauni a maƙogwaronsa. A cikin matan nan, in lokacin damina ne da maleriya ke kan ganiyarta, da wuya a rasa wadda ta tashi daga zazzaɓi da ɓawo a leɓe. Duk ƙauna ce ta tara su, ba mai nufin sharri.

Cewa yawun babba na iya kashe jariri ba zato ba ne. A birnin Niyu Yok, wasu 'yan tsiraru daga Yahudawa masu riƙo da tsohuwar al'ada suna da ɗabi'ar mai kaciya ya sa baki ya tsotse jinin raunin. Hukumomin lafiya sun tabbatar da jarirai 11 da suka kamu da harfis ta wannan hanya tsakanin 2000 da 2011. Biyu sun rasu, biyu sun sami lalurar ƙwaƙwalwa. Ba mu da wannan al'ada, amma muna da namu hanyoyin da yawu ke isa bakin jariri, har da masu daraja a wurinmu. Tahniki sunna ce, a tauna dabino a shafa wa jariri a ganɗa. Sumbatar yara ma sunna ce, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikokinsa. Ba na kira a bar ko ɗaya. Ina roƙon malamanmu ne su duba, su gaya wa jama'a cewa mai ƙurji a leɓe, ko mai jin tsikarinsa, ba shi ne zai yi tahniki ba, ba shi ne zai yi tofi a fuskar jinjiri ba, tun da addini bai yarda a cutar da kowa ba. In maganar ta fito daga bakinsu za a ji ta fiye da in ta fito daga namu.

Lokacin haɗarin kuma al'adarmu ta riga ta shata shi. Makonni huɗu zuwa shida na farko ne jariri ya fi rauni, wato daidai kwana arba'in na jego. Ba sai an koya wa kowa sabon lissafi ba.

Alamun a jariri sukan ruɗar da mutum. Wasu kan fito da ƙuraje masu ruwa a fatar kai, ko ido, ko baki. Amma da yawa daga waɗanda cutar ta shiga hanta da huhu da ƙwaƙwalwarsu ba sa yin ƙurji ko ɗaya. Sai dai a ga yaro ya daina kama nono, barci ya yi masa yawa, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi na sauri, ko yana zabura, galibi a mako na biyu ko na uku. Irin wannan jariri ba na jiƙo ba ne, ba na jira zuwa gobe ba ne. Ga 'yan'uwana ma'aikatan asibiti kuma: jaririn da aka sa wa maganin bakateriya kwana biyu bai motsa ba, a tuna da harfis, a tambayi wa ke da ƙurji a gida. Maganinsa Acyclovir ne ta jijiya, kwana 14 zuwa 21. Da shi aka sauko da mace-macen nau'in da ke bazuwa a jiki daga kusan kashi 85 zuwa kusan 29 cikin 100. Ba kowane asibiti ke ajiye na allurar ba, kuma ya kamata duk inda ake kwantar da jarirai a same shi a kabad, ba a tura uba yawon nema cikin dare ba.

Saura wanda zai faɗi maganar sumbar nan a cikin ɗakin jego. Mai jego ba za ta iya ba. Yarinyar da ta yi haihuwar fari, wadda ko sunan ɗan ba ta iya kamawa a gaban manya, ba za ta dubi uwar mijinta ta ce Hajiya kada ki sumbace shi ba. In muka tsaya ga yi wa masu ciki lacca a wajen awo, mun ba da saƙon ga wadda ba ta da bakin isar da shi. Ranar sallama daga asibiti, ungozoma ta kira wadda za ta zauna da mai jego, kaka ce ko goggo, ta gaya mata a gaban mijin. Tsohuwa ce ke iya ce wa tsohuwa 'yar'uwarta: Yaya, bakin nan naki bai warke ba, ki sa masa albarka daga nan. Ungozomomin gargajiya da wanzamai ma a kira su a gaya musu, su ne ke shiga gidajen da ba a haihuwa a asibiti.

Mai ƙurjin ba za a hana ta zuwa barka ba. Ta zo, ta yi addu'a, ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa jaririn, ta bar sumba sai leɓe ya warke. In uwar ce da kanta ƙurjin ya fito wa, kada a raba ta da ɗanta, kada kuma ta daina shayarwa, don ƙwayar ba ta bin ruwan nono. Ta rufe bakinta da takunkumi, ta wanke hannu duk lokacin da za ta ɗauke shi. Sai fa in ƙurjin a kan nonon yake, to ta shayar da ɗaya, ta rufe mai ciwon, ta riƙa tatse shi tana zubarwa har ya warke.